Kofin da New Orleans Ta Ci, da Unguwannin da Ba Su Dawo Ba

Akwai wata magana da Amurkawa ke son maimaitawa duk sa'ad da suka tuna da kakar wasa ta 2009, watau wai ƙungiyar New Orleans Saints ce ta tayar da birninta daga kabari. Maganar tana da daɗin ji, har ni ma ta shige ni lokacin da na fara karanta labarin. Amma da na bi diddiginta sai na tarar rabinta gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa mayafi ne aka lulluɓe wani abu da shi. Ina ganin ya kamata mu ɗalibai da za mu riƙe ofisoshin gwamnati gobe, da yayyenmu da suka riga suka fara, mu ɗaga mayafin nan mu duba.

Bari in fara da wasan kansa, domin ba irin ƙwallon ƙafar da muka sani ba ne. Ya fi kama da zari-ruga. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, sanye da hulunan kwano, ƙwallon kuwa mai siffar ƙwai. Ana ba masu riƙe da ita dama huɗu su ci gaba da yadi 10, in sun samu a sake ba su huɗu, in sun kasa ta koma hannun abokan gaba. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6, wanda ya buga ta tsakanin sanduna ya ci 3. Madugun tafiyar shi ne mai jifa, wanda ke tsayawa a baya yana neman wanda zai wurga wa ƙwallo, ƙarti kuma na rugowa su danne shi. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar NFL, a lokacin da nake magana kowace tana yin wasa 16, sa'an nan 12 su shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, biyun da suka rage su haɗu a wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl.

Saints ta fara wasa a 1967, kuma ta yi shekara 20 cur kafin ta ga kakar da nasararta ta fi faɗuwarta yawa. A 1980 wasa ɗaya tak ta ci cikin 16, har magoya bayanta suka riƙa zuwa fili da jakar takarda a ka don kunya. Ba ta taɓa cin wasan sili ɗaya ƙwale ba sai a shekarar 2000. Wannan ita ce ƙungiyar da guguwar Katrina ta tarar ran 29 ga Agusta, 2005.

Guguwar ba ita kaɗai ta ci birnin ba. Ganuwoyin tare ruwa da injiniyoyin sojan Amurka suka gina ne suka fashe, ruwa ya mamaye kimanin kashi 80 cikin ɗari na garin, mutum fiye da 1,300 suka halaka a yankin baki ɗaya. Masu mota sun gudu tun da wuri. Waɗanda ba su da ita, galibinsu baƙar fata matalauta, dubbansu suka tattaru a filin wasan Saints mai rufin ƙubba, watau Superdome, iska ta yaye wani sashe na rufin, wuta ta ɗauke, bayan gida ya toshe, suka yi kwanaki cikin zafi da wari suna jiran motocin da za su kwashe su. Duniya ta kalli wannan a talabijin, ta ga yadda ƙasar da ta fi kowa arziki ta bar 'ya'yanta.

Ƙungiyar ma gudun hijira ta yi. A kakar 2005 ta riƙa yin wasanninta na gida a San Antonio da Baton Rouge, ta ci 3 ta sha kashi 13. Mai ƙungiyar, attajiri Tom Benson, wanda ke da harkoki a San Antonio, an yi ta raɗe-raɗin zai mayar da ita can ɗungurungum, sai da shugaban gasar na lokacin, Paul Tagliabue, ya tsaya kai da fata kan ta koma gida. Wannan shi ne abu na farko da masu kirarin ke mantawa: ƙungiyar da aka ce ta ceci birnin, sai da aka fara riƙe mata riga kada ta tsere daga cikinsa.

A 2006 aka ɗauko Sean Payton ya zama mai horarwa, aka kuma ɗauko mai jifa Drew Brees daga San Diego da kafaɗar da aka yi wa aiki, bayan ƙungiyar Miami ta duba shi ta ja da baya. A tsarin gasar, ƙungiyoyin da suka fi faɗuwa su ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, saboda haka Saints ta sami zaɓi na biyu ta ɗauki Reggie Bush. Abin mamaki, a cibiyar jari-hujja, attajirai sun yarda su raba kuɗin talabijin daidai wa daida su kuma tallafi mai rauni a cikinsu, amma fa a filin wasa kurum. Ran 25 ga Satumba, 2006 aka sake buɗe Superdome. Minti biyu ba su cika ba wani ɗan wasa mai suna Steve Gleason ya kutsa ya tare bugun da 'yan Atlanta suka yi, abokinsa ya faɗa kan ƙwallo a ƙarshen fili, wurin ya kaure da ihu da kuka. Suka ci 23 da 3.

To, sai kakar 2009. Wasa 13 suka ci a jere, sa'an nan suka faɗi uku na ƙarshe a hannun Dallas da Tampa Bay da Carolina, har masu sharhi suka fara cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne, domin ba a taɓa samun ƙungiyar da ta rufe kaka da faɗuwa uku ta kuma ɗauki kofi ba. A wasan farko na sili ɗaya ƙwale suka yi wa Arizona kaca-kaca, 45 da 14. Na biyu, ran 24 ga Janairu, 2010, da Minnesota ne, wadda tsohon hannu Brett Favre mai shekara 40 ke yi wa jifa. Ana kunnen doki 28 da 28, saura daƙiƙu, Minnesota na dab da inda za ta iya bugun nasara, sai Favre ya wurga ƙwallo tsakiyar fili, Tracy Porter ya cafke. A ƙarin lokaci Saints ta ci ƙuri'ar fara riƙe ƙwallo, Garrett Hartley ya buga daga yadi 40, aka tashi 31 da 28 ba tare da Minnesota ta ko taɓa ƙwallon ba. Ƙorafin da ya biyo baya na cikin abin da ya sa aka gyara dokar ƙarin lokaci a wannan shekarar.

Wasan ƙarshe a Miami aka yi shi ran 7 ga Fabrairu, 2010, da Indianapolis Colts. Mai jifansu Peyton Manning haifaffen New Orleans ne, mahaifinsa Archie kuwa ya yi fiye da shekara goma yana shan duka a rigar Saints zamanin da ba ta cin komai. Colts suka fara da 10 da nema, aka tafi hutu suna 10 da 6. A nan ne Payton ya yi kasadar da har yau ake zancenta. Bisa al'ada, bayan hutu sai mai bugun farko ya cilla ƙwallo can nesa ga abokan gaba, amma dokar wancan lokacin ta ce in ta wuce yadi 10 kowa na iya ɗauka. Sai ya sa aka ɗan gangara ta gefe, aka yi turmutsutsu a kanta, da alƙalai suka ɗaga mutane ɗaya bayan ɗaya sai ga ta a hannun ɗan Saints. Ba a taɓa gwada haka a Super Bowl ba kafin zangon ƙarshe na wasa. Da ta kuɓuce, da ya sha zagi har ƙarshen rayuwarsa. Saura minti uku da 'yan kai, Saints na gaba 24 da 17, Manning na matsowa don ya rama, sai Porter ɗin nan dai, ɗan jihar Luwiziyana, ya sake cafke jifa ya ruga yadi 74. Aka tashi 31 da 17. Brees ya yi jifa 39, 32 sun isa hannu. Mutum fiye da miliyan 106 suka kalla a Amurka, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin.

Ban yarda da abokanmu masu ra'ayin riƙau da ke cewa duk wasa maganin barci ne da ake ɗura wa talaka ba. Mutumin da ya kwana biyar a cikin ginin nan yana jiran ruwan sha, in ya dawo ya zauna a kujerarsa ya yi ihun murna, ba ni da bakin da zan ce masa an yaudare shi. Ya fi ni sanin abin da ya gani a wurin. Murnar ta gaskiya ce, gwanintar ma ta gaskiya ce, kuma birnin da aka yi shekara huɗu ana nuna gawarwakinsa ya cancanci ranar da za a nuna shi yana rawa.

Inda na rabu da masu kirarin shi ne wajen lissafi. An kashe kimanin dala miliyan 185 wajen gyaran Superdome, miliyan 115 daga ciki hukumar agajin gaggawa ta tarayya ce ta biya, kuma wata 13 bai cika ba aka buɗe ƙofa. Ba nisa da filin akwai asibitin Charity, wanda tarihinsa ya faro tun 1736, inda marasa galihun birnin ke zuwa haihuwa da jinya. Shi ba a sake buɗe shi ba har abada, wanda ya maye gurbinsa kuwa sai a 2015 ya fara aiki, shekara goma bayan ruwan. Ma'aikatan makarantun gwamnati fiye da 7,000, galibinsu malamai baƙar fata, an sallame su bayan guguwar. A Disamba 2007 majalisar birnin ta amince a rushe gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi kimanin 4,500, alhali masu su da yawa na warwatse a wasu jihohi suna neman hanyar dawowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirin da aka kira Road Home, wanda aka kafa don a ba masu gidaje kuɗin sake gini, domin a nan ne alƙalamin ma'aikaci ya yi ɓarnar da ruwa bai yi ba. An tsara cewa kada tallafi ya wuce darajar gidan a kasuwa kafin guguwa. A takarda wannan adalci ne. Amma gida a unguwar baƙar fata ba ya daraja a kasuwa kamar irinsa a unguwar farare, alhali kuɗin katako da ladan kafinta duk ɗaya ne. Saboda haka mutum biyu masu gida iri ɗaya da ɓarna iri ɗaya, ɗaya ya sami abin da zai gina, ɗayan ya sami abin da ko rufi ba zai kai ba. Sai da aka kai ƙara kotu a 2008, aka yi sulhu a 2011. Babu wanda ya rubuta launin fata a cikin ƙa'idar, layi guda ne kawai a takardar wani ofis. Duk wanda ke karatun mulki ko tsimi a cikinmu ya kamata ya san labarin wannan layin.

Za a ce mini, kuma da hujja, ai birnin da baƙi yake ci, filin wasan kuwa shi ke jawo taruka da masu cika otal, masu shara da masu girki da direbobi su sami aiki. Haka ne, ni ma ban ce a bar shi ya ruɓe ba. Amma gyaran ya nuna cewa hukuma ta iya sauri in ta ga dama. An samo kuɗi, an tsallake jan ƙafar ofis, an sa rana an kuma cika ta, domin akwai attajiri da gasar da ke da ikon cewa za su tafi. Majinyatan Charity ba su da wannan barazanar a hannunsu.

Sa'an nan ita kanta nasarar tana da tabo. A Maris 2012 hukumar gasar ta bayyana cewa daga 2009 zuwa 2011 akwai wani asusu a cikin ƙungiyar, ƙarƙashin mai horar da 'yan baya Gregg Williams, wanda ake biyan ɗan wasa daga ciki in ya ji wa abokin gaba rauni: dala 1,000 in an fitar da shi a kan keke, 1,500 in bai iya dawowa wasan ba. Aka dakatar da Payton shekara guda cur, aka ci ƙungiyar tarar dala 500,000. An hukunta wasu 'yan wasa su ma, suka musanta, daga baya Tagliabue ɗin nan da aka naɗa ya saurari ƙararsu ya soke hukuncin nasu, ko da yake bai wanke masu horarwar ba. Wanda ya sake kallon irin dukan da Favre ya sha a daren nan na Janairu bayan ya san wannan, ba zai kalle shi da idon farko ba. Mutanen birnin kuwa akasarinsu bayan ƙungiyarsu suka bi, suka ce an ware ta ne a kan abin da wasu ma ke yi. Na fahimci dalilinsu, amma ban bi su ba.

A shekarar da aka ɗaga kofin ne kuma aka yi ƙidayar jama'a a Amurka. A 2000 mutanen New Orleans sun kai 484,000, a 2010 suka koma 343,000 da ɗoriya, kuma fiye da 100,000 daga waɗanda suka ragu baƙar fata ne. Unguwar Lower Ninth Ward, inda ganuwa ta fashe ruwa ya tumɓuke gidaje daga tushe, tana da mutum kimanin 14,000 kafin guguwa, a 2010 ba su kai 3,000 ba. Kwana biyu bayan wasan aka zaga da 'yan ƙwallon cikin gari a kan manyan motocin biki, tituna suka cika maƙil. Da yawa daga waɗanda aka kwashe daga Superdome a motocin safa a 2005, a talabijin suka kalli wannan jerin gwanon, daga ɗakunan haya a Houston da Dallas da San Antonio.