Yini ɗaya na ganin ƙasa ba asara ba ne

Ɗan uwa mai karatu, ko ka taɓa jin labarin dutse mai aman wuta? Akwai shi. Can ƙarƙashin ƙasa zafi ya yi yawa, har dutse yana narkewa kamar dalma. In ya samu kafa sai ya ɓullo sama, da hayaƙi da toka. Inda yake fitowa rami ne a kan dutsen, shi ake ce ma bakin dutse.

Akwai irin wanga dutse a yammacin Afirka. In ka bar Dakar ka shiga teku kamar kilomita 600, za ka iske ƙasar Kap-Ber. Ƙasa ce ta tsibirai, wato tuddai da ruwa ya kewaye. Ɗaya daga cikinsu sunansa Fogo, ma'ana wuta da harshen mutanen Fotugal. Tsawon dutsen Fogo mita 2,829 ne.

Baƙi suna zuwa daga nesa don su gan shi, a yini ɗaya tak. Da asuba su shiga mota daga garin San Filipe. Motar ta yi ta hawa har cikin wani babban kwari mai faɗin kusan kilomita 9. Daga nan sai a ƙafa. Ɗan gari ya shige gaba yana nuna hanya. A yi awa uku ko huɗu ana hawa cikin baƙar toka. In an kai ƙololuwa a leƙa ramin, a ji warin farar wuta. Kafin dare an koma masauki.

Cikin kwarin nan mutane ne zaune. Tokar dutse ta gyara musu ƙasa, suna noman inabi da wake. Dutsen ya yi aman wuta a 1995. Ya sake yi a watan Nuwamba na 2014, bai tsaya ba sai Fabrairu na 2015. Narkakken dutse ya binne ƙauyuka biyu, Portela da Bangayera. Ba wanda ya mutu, don mutane sun fita da wuri. Da wuta ta lafa, da yawa sun koma sun sake gini.

Na san abin da za ka ce: "To, ni mi ya shafe ni? Ban da kuɗin jirgi. Kuma a hau dutse a sauko, ba a ci ba, ba a sha ba, wanga ai aikin wanda cikinsa ya cika ne."

Kuɗin jirgi kam, gaskiyarka. Amma sauran maganar ban yarda ba. Dubi ƴan Fogo. Sun san dutsensu ciki da bai. Sanin nan shi ke ba samarinsu kuɗin rakiyar baƙi, shi ke nuna musu inda za su shuka. Wanda ya san ƙasarsa yana cin amfaninta. Kai fa, ka san taka?

Mu nan ba mu da dutse mai aman wuta, amma muna da abin gani. Ka je Malbaza, inda ake haƙar farin dutse ana yin siminti tun shekarun 1960. Cikin irin dutsen nan ana tsintar ɓawon dabbobin ruwa da suka koma dutse. Ka ga shaida ke nan: shekaru miliyoyi da suka wuce, teku ne kwance inda muke noman hatsi yau. A duwatsun Adar ma ana samun su. Ka je barajin Mozage, ka ga yadda ake tare ruwan Magiya, a bi da shi ta hanyoyi har gonakin rani na Ƙwanni. Ka je Galmi, ka tambayi manoman albasa yadda suke fidda iri da yadda suke ajiya. Ka je Masalata, ka ji tarihin gari daga bakin tsofaffinsa. Duk waɗannan ana zuwa a dawo kafin isha.

Ga shawarata. Ku ƴan aji ɗaya ku yi asusu, ko dala ashirin-ashirin ce kowace ranar kasuwa. Bayan girbi ku ɗauki mota ɗaya. Ku aika a nemi izini tukuna, wurin mai gari ko masu kula da wurin, don ba a faɗa ma mutane haka nan. Ku riƙe ruwa da guzuri. Kada a bar mata gida, su ma ɗalibai ne. Kowa ya ɗauki kaye da bik ɗinsa.

In kun dawo, kowa ya rubuta layi biyar a kan abin da idonsa ya gani, ya karanta ma ƴaƴansa da dare. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yanzu da ka iya rubutu, abin da ka gani ba zai ɓace ba.