Babbar Lamba a Kwali Ba Ita Ce Daɗin Sauti Ba



A hutun da ya wuce, yayana ya kwashi kuɗin ɗinkin da ya tara wata uku, ya tafi kasuwa sayo wa gidanmu na'urar sauti. Mai shago ya nuna masa wata da aka rubuta 192kHz ɓaro-ɓaro a kwalinta, ya ce kowace waƙa aka sa mata sai ta gyara ta ta fito tangaran. Yaya ya ƙara kuɗi ya saya. Da muka dawo gida muka sa memorinsa, waƙoƙin da suke fita a shaƙe a tsohuwar rediyonmu, a shaƙen suka sake fita. Ƙara ce kawai ta ƙaru.

Abin ya dame ni, sai na tambayi malaminmu na kimiyya. Ga abin da na fahimta. Idan za a adana sauti a waya ko a faifai, na'ura tana auna shi sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, tana rubuta kowane awo da lamba. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, awo 44,100 yake ɗauka a kowace daƙiƙa. Kunnen mutum ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa, kuma in awo ya haura ninki biyu na wannan, ya isa.

To ita na'urar Yaya, awon waƙa take mayarwa 192,000. Ina take samo ragowar? Lissafi take yi, ta cike tsakanin awo da awo. Kamar a darasin lissafi ne: ka ɗiga ɗigo biyar ka ja layi, sannan ka ƙara ɗigo ashirin a kan layin nan. Ɗigo ya yi yawa, amma layin yana nan yadda yake.

Ban ce dabarar ba ta da amfani ba. Tana sauƙaƙa wa na'ura tace sauti lokacin da take mayar da lambobi abin da kunne zai ji, shi ya sa yawancin na'urori da ma suna yin ta a cikinsu. Abin da ba za ta iya ba shi ne dawo da abin da aka zubar. Waƙoƙin Yaya MP3 ne da aka matse ƙwarai don kada su ci wuri, wasu ma da waya aka ɗauke su daga wata lasifika.

Shawarata ga mai niyyar saye ita ce ya tafi da memorinsa, ya sa waƙa ɗaya a na'urori biyu, ya daidaita ƙararsu, domin mai ƙara takan yaudari kunne. Ya zuba kuɗinsa a lasifika mai kyau, ya kuma nemi waƙar da ba a matse ta da yawa ba.

Mu da muka samo waƙa mai kyau, muka ɗaga lasifikun daga ƙasa zuwa kan tebur, sai ga ganga da murya kowanne ya fito daban. Yaya ya yi dariya ya ce da ya sani, da ragowar kuɗin zare ya saya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Daga wakilinku na aji biyu.