Mun San Albashin Osimhen, Ba Mu San Na Yaron Ƙofar Mata Ba

Duk wanda ya taɓa zama a wurin mai shayi a nan Sukra ranar Asabar da yamma, lokacin da ake nuna wasannin Turai, ya san musun da ba ya ƙarewa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an riga an lissafa abin da Ronaldo yake ɗauka a Saudiyya, an juya shi zuwa dinari a farashin 'yan canji, an sake juya shi zuwa naira da sefa, an raba shi a kan kwanaki da sa'o'i, har wani ya gano cewa kafin mutumin ya gama ɗaura igiyar takalminsa ya ci kuɗin aikinmu na wata guda. A yi dariya, a ƙara shayi. To, a cikin wannan taron ka tambaya nawa ake biyan mai tsaron gidan Kano Pillars. Za ka ji tsit. Mutanen da suka haddace kwantiragin baƙi har da ɗigonsa ba su da ko kalma ɗaya a kan yaron da ya tashi a unguwarsu, yake buga wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, a ƙungiyar da suke yi wa kirari da Sai Masu Gida.

Wannan rashin sanin ba daga sakacinmu ya zo ba. Ɓoye mana aka yi, kuma mun daɗe muna taya masu ɓoyewar kare kansu.

A ƙarshen watan Yuli na 2025, da Galatasaray ta sayi Victor Osimhen daga Napoli, ƙungiyar da kanta ta fitar da sanarwa: yuro miliyan 75 kuɗin saye, kwantiragin shekara huɗu, yuro miliyan 15 albashi a kowace kakar wasa, sai miliyan 1 ladan zama da kuma miliyan 5 na haƙƙin amfani da suna da hotonsa. Ba ɗan jarida ne ya bankaɗo ba, ba kuma sato takardar aka yi ba. Galatasaray tana cikin kasuwar hannun jari ta Istanbul, doka kuwa ta ce wanda ya zuba kuɗinsa a kamfani yana da haƙƙin sanin inda kuɗin ya shiga. Mai hannun jarin lira ɗari da mai na miliyan duk takarda ɗaya suka karanta.

Yanzu mu waiwayo gida. Wa ya mallaki Kano Pillars? Gwamnatin jihar Kano. Katsina United ta gwamnatin Katsina ce, Wikki Tourists ta Bauchi, El-Kanemi Warriors ta Borno, Plateau United ta Filato, Enyimba ta Abiya. In ka cire 'yan kaɗan irin su Remo Stars, wadda ɗan kasuwa ya kafa kuma ta ɗauki kofin gasar a 2025, yawancin ƙungiyoyin firimiyar Najeriya daga baitulmali ake ciyar da su. A Nijar ma labarin bai yi nisa da haka ba, domin sunayen manyan ƙungiyoyin Yamai kaɗai sun isa shaida: ta soja, ta jami'an tsaron ƙasa, ta kwastan, ta 'yan sanda. Ma'ana, kuɗin da ake sayen ɗan wasa da shi daga tukunya ɗaya ya fito da kuɗin allon makarantar firamare da na maganin asibitin ƙauye. Mai sayar da goro a Kurmi da mai tura baro a Singa su ne masu hannun jarin Pillars, ko sun taɓa shiga filin wasa ko ba su taɓa ba. Idan ɗan kasuwar Istanbul yana da ikon ganin takarda saboda ya sa kuɗinsa da son ransa, wane dalili ne zai hana wanda aka karɓi nasa ba tare da an shawarce shi ba? Najeriya tana da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011. Mun yi amfani da ita a kan kwangilar titi da kuɗin mazaɓu. A kan ƙwallo kuwa sai muka ɗauka wasa ne, alhali kuɗin da ke ciki ba na wasa ba ne.

Mun san abin da za a ce, domin mu ma da shi aka raine mu. Za a ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Za a ce Bahaushe ba ya faɗin samunsa, ko matarsa ba ta sanin ƙarshen aljihunsa, balle ɗan kallo. Za a kawo maganar kambun baka da hassada, da dangin da za su yi sallama tun da asuba da zarar sun ji adadi. Ba mu raina wannan ba. Rufin asiri ɗabi'a ce mai daraja, kuma mu da ke zaman baƙunta mun fi kowa sanin nauyin wayar da ake bugowa daga gida a ƙarshen wata. Sai dai a duba da kyau, asirin wa ake rufawa? Ɗan wasan da ake biya daidai, a kan lokaci, ba abin da zai rasa in an faɗa. Wanda yake bin bashin wata huɗu kuwa, shirun nan ba sutura ba ce a gare shi, ƙyalle ne aka ɗaure masa baki da shi. Asirin da ake rufawa na wanda ya sa hannu a kan takardar fitar da kuɗi ne, da wanda ya rubuta adadi ɗaya a kwantiragin da aka kai wa hukuma ya kuma faɗa wa yaro wani adadin da baki, da dillalin da ya yanki rabonsa tun kafin kuɗin ya taɓa tafin hannun mai shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hukumar da ta riƙe gasar firimiyar Najeriya a shekarun baya ta ƙayyade mafi ƙarancin albashi a naira 150,000 a wata. Doka ce mai kyau a takarda. Amma wa zai tabbatar an bi ta, tun da ba wanda ya isa ya ga takardar biya? Dokar da ba a iya duba aikinta, ado ce kawai. Shi ya sa ba ma jin labarin albashin 'yan wasanmu sai ranar da tura ta kai bango, sun ƙi fita atisaye ko sun yi zaman dirshan a ƙofar gidan gwamnati. Ko 'yan matan Super Falcons, da suka ciwo kofin Afirka a Kamaru a watan Disamba na 2016, sai da suka ƙi fita daga otal ɗinsu a Abuja, suka yi tattaki zuwa majalisa, kafin a saurare su. Waɗannan zakarun nahiya ke nan, da kyamarorin duniya a kansu. Ina ga ɗan bayan da ba wanda ya san sunansa sai mutanen layinsu?

Akwai hujja guda mai nauyi a wajen masu son a bar kaza cikin gashinta, kuma ba za mu tsallake ta ba: masu garkuwa da mutane. An sace mahaifin Mikel Obi a Jos a 2011, aka gano shi a Kano, aka sake sace shi a 2018, labarin ya iske ɗansa sa'o'i kaɗan kafin ya jagoranci Najeriya a wasanta da Ajantina a Rasha. Tsoro ne na gaske. To amma waɗanda suka yi wannan aika-aika ba takardar albashi suka karanta ba. Talabijin suka kalla, suka yi ƙiyasi. Jita-jita kullum ninka adadi take yi. Yaron da ake biya naira dubu ɗari uku, in ma an biya shi, a bakin 'yan unguwa miloniya ne, kuma wannan ƙaryar ta fi gaskiyar jefa shi cikin haɗari da matsin dangi. In kuma har an ga sanya suna kusa da adadi yana da matsala a halin da ƙasar take ciki, ai akwai hanya: a buga jimillar abin da ƙungiya take kashewa a albashi, a buga matakan biya daga na ƙasa zuwa na sama da yawan waɗanda ke kowane mataki, a buga kuɗin da aka samu daga sayar da 'yan wasa, sannan, wanda ya fi kowanne muhimmanci, a buga watan ƙarshe da aka biya. Wanda ya ƙi ko da wannan, to ba tsaron yara ne ya dame shi ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a inda ake buga albashi a fili, 'yan wasan ne da kansu suka nema. A gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ce take fitar da jerin kowace shekara, suna da adadi, daga Messi, wanda jerin 2023 ya nuna yana da dala miliyan 20.4, har zuwa yaron da ke zaman benci, wanda jerin na wannan shekarar ya nuna yana kan dala dubu sittin da wani abu. Kafin su, 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara a Amurka da Kanada sun amince a bayyana nasu a 1990, kuma cikin 'yan shekaru albashi ya tashi, saboda kowa ya gane abin da na kusa da shi yake karɓa, ya daina yarda da maganar shugaba cewa babu kuɗi. Ma'aikaci ne duhu yake cutarwa, kuma ba sai mun je Amurka za mu koyi wannan ba. Wanenmu ne bai taɓa tsayawa bakin titi a Gurda ko Mahdiya da sassafe yana jiran mai ɗaukar leburori ba, aka yi ciniki da shi a gefe cikin raɗa, sai da yamma ya gano cewa wanda suka ɗauki bulo ɗaya da shi an ba shi ninkin nasa? Abu na farko da tsofaffin zama suke koya wa sabon zuwa shi ne farashin aiki: kwaɓa siminti kaza ne, fenti kaza, gadin gona kaza, kada ka karɓi ƙasa da haka. Wannan sanin shi ne garkuwarsa. Abin da muke yi wa junanmu a bakin titi, shi muke hana 'yan ƙwallonmu da sunan kunya.

Kuma maganar ta shafe mu a nan fiye da yadda muke zato. A tsakiyar 2022 ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya, FIFPRO, ta gargaɗi mambobinta game da sa hannu a wasu ƙasashe saboda yawan saɓa alkawari, kuma Libiya tana cikin jerin, tare da Aljeriya, Saudiyya, Turkiyya da wasu. Ta ambaci baƙin 'yan wasa da suka maƙale saboda ƙungiyoyinsu sun ƙi ba su takardun fita. Duk da haka yara suna ta ratso Agadas da Dirku da takalmin ƙwallo a cikin jaka, wani ya ce musu a Tarabulus da Bangazi dala ake biya, daga can kuma Turai taki ɗaya ce. Wasu a nan Sabha tafiyar take ƙarewa, mun gan su, mun ba su wurin kwana. Yaron da ya san ainihin abin da ake biya a Kano, da abin da ake biya a Yamai, da yawan watannin da ake bin kowace ƙungiya, da wuya dillali ya sa mahaifinsa ya sayar da gona a kan alkawarin baka. Ko dokar FIFA da aka kafa a 2018, wadda ta ba ɗan wasa damar raba gari da ƙungiyar da ta riƙe masa albashin wata biyu bayan ya ba ta wa'adin kwana 15 a rubuce, ba ta amfanar wanda ba a ba shi kwafin kwantiraginsa ba.

Mu magoya baya ma muna da namu laifin. Mukan zagi ɗan wasa in ya ɓarar da ƙwallo a gaban raga, mu ce ya ci kuɗin jama'a ya ƙoshi, ba mu san ko da kumallo ya shigo filin ba. Muna tuna kofunan 2008, 2012, 2013 da 2014, muna tuna yadda Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009, amma ba mu taɓa tambayar abin da waɗanda suka yi wannan aikin suka koma gida da shi ba. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a kan hanyarta ta zuwa Owerri, aka raunata 'yan wasa biyar. Mun yi addu'a, mun yi jaje, kuma daidai ne. Sai dai mutumin da yake ratsa waɗannan hanyoyi kowane mako biyu da sunan garinmu a ƙirjinsa ya cancanci mu san ko ana biyansa haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe.

A watan Yuli na 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan Pillars. Ba a taɓa samun wanda ya fi shi sanin ɓangarorin biyu ba. Daga wannan ƙungiyar ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya wuce Holan, Rasha, Leicester da Saudiyya, ya ga yadda ake rubuta kwantiragi a inda ake mutunta shi, ya kuma dawo ya sake sa rigar. Ba mu zarge shi da kome ba, ba kuma alfarma muke roƙo ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Takarda ɗaya muke nema daga gare shi da takwarorinsa na Katsina da Bauchi da Maiduguri a farkon kowace kaka: nawa gwamnati ta bayar, nawa aka samu a ƙofa da tallace-tallace da sayar da 'yan wasa, nawa ya tafi albashi, kuma wane wata aka biya na ƙarshe. A manna ta a ƙofar filin wasa, a sa ta a shafin ƙungiya na Facebook yadda mu ma a Sukra za mu karanta ta a wurin mai shayi, mu juya ta zuwa dinari kamar yadda muka saba yi wa ta Ronaldo.