Fayil ɗin kwamfuta da mai doguwar jinya

Duk wanda ya taɓa raka dattijo asibiti ya san wahalar ɗakin kati: a yi layi tun safe, can a ce fayil ya ɓata, a buɗe sabo. Ga mai zazzaɓin kwana uku, wannan da sauƙi. Ga mai hawan jini ko ciwon suga kuwa, tarihin shekaru ne ya salwanta.

Awo ɗaya ba ya wadatar da likita a irin waɗannan cututtuka. Yana so ya ga yadda jini ke hawa da sauka wata da watanni, da maganin da ya taɓa sa mutum tari ko kumburin ƙafa, da halin da ƙoda take ciki, domin maganin suga irin metformin ana rage shi ko a daina idan ƙoda ta yi rauni. Fayil ɗin kwamfuta yana nuna duk wannan nan take.

Babban amfaninsa shi ne zaƙulo waɗanda suka daina zuwa. A arewacin Kalifoniya ta Amurka, asibitocin Kaiser Permanente sun tattara sunayen masu hawan jini a rajista guda, suna bibiyarsu, suka kuma sauƙaƙa magani da sake awo. Waɗanda jininsu ya daidaita suka ƙaru daga kusan kashi 44 cikin 100 a 2001 zuwa kashi 80 a 2009. A nan gida ma, da kwamfuta asibitoci da dama ke gano masu HIV da ba su zo karɓar magani ba, a kira su a waya.

Sai dai wuta takan ɗauke, kuma sau da yawa fayil ɗin da aka buɗe a Legas ba ya buɗuwa a Kano. Saboda haka ku adana lambar katinku, ku ba da lambar waya mai aiki, ku riƙa rubuta awon jini da na suga a ɗan littafi, ku tafi da kwalayen magani duk ranar ganin likita. Batun sirri kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibiti ɓoye bayananku.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.