Bankunan Ghana da sauyin yanayi: ina rabon ƙaramin manomi?

A watan Nuwamban 2019 Babban Bankin Ghana, tare da ƙungiyar bankuna da hukumar kare muhalli, ya ƙaddamar da ƙa'idoji bakwai na harkar banki mai ɗorewa. Manufar ita ce, kafin banki ya ba da bashi, sai ya duba ko aikin zai cutar da ruwa, daji ko jama'a. An ware fannoni biyar da za a fi sa wa ido, ciki har da noma, haƙar ma'adinai da makamashi. A ƙasar da galamsey ya mayar da kogin Pra tamkar kunu, wannan mataki ne mai kyau.

To amma fa akwai abin dubawa. Shi banki idan aka ce ya lissafa haɗarin sauyin yanayi, kuɗinsa zai fara karewa. Wa ya fi kowa shiga wannan haɗari? Manomin arewa, wanda damina ɗaya ce gare shi a shekara, ba shi da noman rani, ba shi da takardar fili da zai jingina. Kun ga ke nan ƙa'idar da aka yi don gyara tana iya zama dalilin rufe masa ƙofa.

Mun ga misali a 2024. Ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, masara ta bushe a gonaki, har gwamnati ta hana fitar da masara, shinkafa da waken soya waje a watan Agusta. Wanda ya yi noma da kuɗin susu ko bashin ɗan kasuwa, shi kaɗai ya ɗauki asarar. Da masara ta yi tsada a kasuwar Techiman kuwa, mai koko a Nima da mai tuwo a zangon Kumasi duk sun ji a jikinsu.

Ga kuma tsadar bashin. A 2023 kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 30 cikin 100. Wane manomi ne zai sayi famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana a kan haka?

Hanyoyin gyara suna nan. GIRSAL tana tsaya wa bankuna har kashi 70 cikin 100 na bashin noma idan manomi ya kasa biya. Akwai kuma inshorar da ake biya bisa ma'aunin ruwan sama, ba sai an je gona an duba ba. Matsalar ita ce, manyan gonaki da kamfanoni sun fi sanin hanyarsu.

Don haka ya kamata Babban Banki ya tilasta wa kowane banki ya riƙa bayyana nawa ne daga bashinsa ya isa hannun ƙananan manoma, yanki bayan yanki. Bankunan karkara da ƙungiyoyin manoma su ne suka san mutanen, sai a bi ta hannunsu kafin damina mai zuwa ta faɗi.