Daga Maye zuwa Infoma: Sunayen Waɗanda Aka Ware a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Hausa ba ta taɓa rasa sunan da za ta kira wanda jama'a ta juya wa baya ba. Akwai saniyar ware, wadda aka aro daga garke, akwai mujiya da tsuntsaye ke taruwa a kanta idan ta fito da rana. Akwai kuma zakka, wato ɗan da ya fita daban a gidan mutunci, sai korarre da tsinanne. Mafi yawansu suna nuni ne ga halin da kowa ya gani da idonsa, shi ya sa wanda aka laƙaba wa su yana iya wanke kansa idan ya sake hali.

Maye ne ya fita daban a cikinsu. Ba a ganin maita, zarginta ake yi: yaro ya kwanta ciwo, ya ambaci sunan wata tsohuwa cikin zafin zazzaɓi, magana ta ƙare. Duk da muninta, al'adar ta bar wata 'yar ƙofa. Akan sa wanda ake zargi ya tsallaka marar lafiya, kuma akan kai ƙara gaban mai unguwa ko dagaci. Tabon yana bin zuriya har wajen neman aure, amma dai akwai wurin da mutum zai tsaya ya ce ba shi ba ne.

Rikicin 'yan bindiga ya kawo wa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kalmar da ta gaji maye ba tare da ta gaji wannan ƙofa ba, ita ce infoma. Kalmar aro ce daga Ingilishi, kuma a bakin mutanen yankin tana nufin ɗan gari mai tsegunta wa mutanen daji wanda ya sayar da hatsi, ko gidan da baƙo ya sauka, ko hanyar da jami'an tsaro suka bi. Babu mai musun cewa irin waɗannan mutane suna nan. Saboda su ne gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a watan Satumba 2021, har da waɗannan uku, bayan ta hana sayar da fetur a jarka ta kuma taƙaita zirga-zirga a hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Matsalar ita ce kalmar ba ta bambanta wanda aka kama da hujja da wanda aka tsana kawai. Mai sayar da burodi da aka tare a hanya aka tilasta masa, da ɗan acaɓan da ya kai kuɗin fansar ɗan'uwansa, da wanda aka kai hari aka tsallake gidansa, duk suna iya kwana da mutuncinsu su wayi gari infoma. Tsohuwar gabar gona ma takan sami sabon suna ta wannan hanya. Inda 'yan sa-kai ke yanke hukunci kafin a kai ga alƙali, kalmar kan zama ita ce tuhumar, ita ce shaidar.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, wanda ya riƙe bindigar da kansa an tanadar masa kalmar dawowa. Tun zaman sulhun da Masari ya yi da shugabannin daji a 2019, har da na Sabuwa da Faskari, tubabbe ta zauna daram a bakin gidajen rediyo. Ƙirarta ɗaya da ta korarre da dafaffe, sifa ce mai nuna aikin da ya kammala. Sai dai tarihin yankin bai goyi bayan nahawun ba. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, ya miƙa makamai a Gusau a watan Fabrairu 2021, aka kira shi tubabbe. A watan Afrilu ya koma daji, kuma a can aka kashe shi. Talakawa ba su jira masana ba, tuni suka ba abin sunansa na gargajiya: tuban muzuru. Tubabbe daga sama ta sauko, hukuma ce ke raba ta. Infoma kuwa daga ƙasa take tasowa, kuma babu wata hukuma da ke da ikon cire ta. Ba a taɓa jin wankakken infoma ba.

Tsakanin waɗannan biyu akwai Fulanin daji. A da bayani ne na mazauni, kamar a ce Fulanin gida. Yanzu ta kusa zama kishiyar mutumin kirki, har makiyayin da aka kore wa nasa shanun yakan ji tsoron shiga kasuwa. Karin maganar da aka ɗauko daga garkensa ta komo kansa, ya zama saniyar ware.

Wani zai ce aikin mai nazarin harshe shi ne ya rubuta abin da ake faɗa, ba ya yi wa'azi ba. Gaskiya ne, amma rubutun ma ba a yi shi yadda ya kamata ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 duk sun riga wannan rikici. A halin da ake ciki shari'a ta riga masana: a watan Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana 'yan bindiga da 'yan ta'adda a matsayin haramtattun ƙungiyoyi, da sunayensu na Hausa, alhali a bakin Bahaushe sunaye ne na gama-gari, babu wata ƙungiya guda da ke amsa su.

Ana buƙatar a tattara waɗannan kalmomi daga bakin masu amfani da su a 'Yankara da Daudawa da sansanonin 'yan gudun hijira, a rubuta wa ke faɗa, wa ake faɗa wa, da abin da ke biyo baya. Duk wanda zai shigar da infoma ƙamus zai zaɓi ɗaya cikin ma'anoni biyu, mai kai wa 'yan bindiga labari, ko wanda aka ce yana kai musu. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ta biyun ce ta fi yawo.