Ƙaramin jirgi mai shan kananzir, da tambayar da wani ɗalibi ya yi mini

Ran nan ina tsakiyar darasin fizik a kwalej sai na kama wani yaro da waya ƙarƙashin tebur. Na karɓe ta. Da aka tashi ya zo biko, na ce sai ya nuna mini abin da ya fi darasina daɗi. Bidiyo ne na wasu Turawa a fili, sun ajiye jirgin sama da bai wuce tsawon tabarma ba, ya yi ƙugi irin na jirgin yaƙi, ya tashi, mutum guda yana tuƙa shi daga ƙasa da na'ura a hannu. Yaron ya ce, "Mushe, wai da gaske wuta ce a cikinsa?"

Da gaske ne. Kuma ra'ayina shi ne mu malamai da iyaye muna asara in muka tsaya ga ƙwace waya, muka bar tambayar ta mutu.

Injin jet ne na haƙiƙa, bai fi gwangwanin madara babba ba. Farfela ta gaba tana zuƙo iska ta matse ta, a fesa kananzir ko gazuwal da aka sirka da ɗan man inji, wuta ta kama. Iskar mai zafi ta bugi farfela ta baya, wadda sanda guda ta haɗa da ta gaban, sannan ta fice da ƙarfi, jirgi ya yi gaba. Sandar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Dokar Newton ta uku ke nan, wadda muke rubutawa a allo yara su haddace su manta bayan jarrabawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda wannan wasa ya yaɗu. A 1983 wasu ƴan Ingila suka fara tayar da irin wannan ƙaramin jirgi. Amma wanda ya buɗe wa kowa ƙofa Bajamushe ne, Kurt Schreckling, wajen ƙarshen shekarun 1980. Da kayan aikin gida ya ƙera nasa injin, har farfelar gaban da katako ya yi ta, ya ɗaure da zaren kabon don kada ta tarwatse. Bai ɓoye ba, ya rubuta littafi da zane, duk mai hannu ya gwada. Bayansa Thomas Kamps ya yi amfani da farfelar turbo ta injin mota. I, turbon nan da makanikai ke kwancewa daga manyan motoci a garejin Maraɗi da Damagaram, su jefar gefe in ya lalace.

Yau labari ya sake. Kamfanoni irin su JetCat na Jamus suna sayar da injin a shirye, da ƴar kwamfuta mai tayar da shi tana lura da zafinsa. A da sai an hura iska an kunna gas, wani lokaci a ƙone gira. Sauƙin nan ne ya tara masu sha'awa, har ana gasar duniya. A 2017 Niels Herbrich ya kai gudun kilomita 749 a sa'a da jirginsa. Yves Rossy ɗan Suwis kuwa guda huɗu ya ɗaura a fiffike bisa bayansa, ya tsallake tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a 2008.

To, ba cewa nake a saya wa ƴaƴanmu ba. Inji guda yakan kai euro 2000, wato sama da miliyan ɗaya da jika 300 na sefa, ba a zo maganar jirgin ba. Uban da ke fama da kuɗin littafi da buhun hatsi, wannan ba nasa ba ne, ni ma ba nawa ba ne. Ga haɗari: abu mai tankin mai da wuta, in ya faɗi cikin karan gero da rani, sai dai Allah ya kyauta. A Amurka ma ƙungiyar masu wannan wasa ba ta barin mutum ya tuƙa mai jet sai ya sami izini na musamman. Balle nan, da halin tsaron da muke ciki, wanda ya tayar da abu mai ƙugi sama ba da izini ba ya ja wa gidansu magana.

Abin ɗauka shi ne farkon labarin, lokacin katako da tsohon turbo. Wa ya fi yaranmu sanin wannan hanya? Mun taso muna yin mota da kara da gwangwanin sardin, tayoyi na tsohon silifa. Sai ran da aka sa yaro lakwal a ce masa ya bar shirme ya kama karatu, kamar dai hannu da ƙwaƙwalwa kishiyoyi ne. Mun raba ɗan gareji da ɗan aji, ɗaya ya san ƙarfe bai san lissafinsa ba, ɗaya ya san lissafi bai taɓa riƙe sifana ba. Har zagi muke da shi: in ka faɗi jarrabawa gareji za a kai ka.

Wani abokin aikina ya ce mini manhaja ta cika, ina lokacin jirgin wasa? Yana da gaskiya, awoyin ba su isa. Amma balan-balan guda, da tsinken shan lemo da zare daga taga zuwa ƙofa, minti biyar ne, kuma ƙa'idar jet ɗin ce a gaban idonsu. Daga nan fiffiken kwali, a ga dalilin da ya sa wani ke shawagi wani ke nutso da ka. Wanda ya dage ya kai ga ƙaramin moto mai batir daga tsohuwar rediyo.

Na mayar wa yaron wayarsa, da sharaɗin ba a aji ba. Na kuma yi magana da wani makanike a unguwarmu, ya yarda zai buɗe mana mataccen turbo ran Laraba da yamma. Yara tara suka rubuta suna, huɗu mata ne. Biyu daga cikin iyayen har yanzu ba su amince ba, sun ce ba gareji suka aiko ƴaƴansu ba, gobe zan je in same su.